Gidan Masunci da Sharar Ruwa: Labari daga Bakin Kogin Nilu

Masu sauraro, jawabin kimiyya na wannan mako a kan gidan masunci yake, watau irin ginin da ya dace da mutumin da abincinsa ke cikin ruwa, makwancinsa kuwa a bakin ruwa. Za a ɗauko labarin daga ƙasar Masar, inda wannan magana ta yi tsanani, sa'an nan a biyo ta Kenya da Kaduna da Ikko, a dire a gaɓar Kogin Kwara.

Unguwar injiniyoyi

A yammacin Kogin Nilu, cikin lardin Giza, daura da tsibirin Zamalik, akwai wata unguwa ta birnin Alƙahira da ake kira Muhandisin. Ma'anar sunan da Larabci ita ce injiniyoyi. Kafin shekarun 1950 wurin duk gonaki ne, baƙar ƙasa mai albarka wadda kogi ya yi shekaru dubbai yana shimfiɗawa. A cikin waɗannan shekaru aka yanka filaye aka raba wa injiniyoyi da sauran ma'aikata masu ilmi, suka gina gidaje madaidaita da lambuna. Daga shekarun 1970 aka shiga rushe waɗannan gidaje ana tayar da dogayen benaye a gurbinsu, har unguwar ta zama ta siminti da ƙarfe da gilashi, ga kantuna, ga bankuna, ga motoci ba iyaka.

Wanda ya taso daga nan ya yi gabas, tafiyar 'yan mintoci za ta kai shi bakin kogi. A can zai ga ƙananan jiragen masunta, waɗansu da miji da mata da 'ya'ya a ciki, nan suke girki, nan suke kwana, ba su da wani gida sai jirgin. A gaɓar da ke tsakanin dandalin Kit Kat da unguwar Imbaba kuma, a da akwai gidajen katako masu yawo a kan ruwa, waɗanda Misirawa ke kira awwama. A shekarar 1966 marubucin nan Najib Mahfuz ya fitar da wani littafi wanda labarinsa ya gudana cikin irin wannan gida. A tsakiyar shekarar 2022 hukuma ta ba da umurni aka kwashe kimanin talatin da suka rage na zama, aka farfasa waɗansu, aka ja waɗansu zuwa wani wuri.

To, ga injiniya ga masunci, maƙwabtan juna, amma abin da ɗaya ya sani ɗayan bai sani ba. Injiniya ya san lissafin nauyi da ƙarfin ƙarfe. Masunci ya san halin ruwa da na iska, ya san inda ambaliya ta tsaya a zamanin kakansa. Gidan da zai daɗe a bakin ruwa yana bukatar ilmin su biyu, kuma abin da za a nuna ke nan a wannan jawabi.

Yadda kogi ya sake hali

Kogin Nilu ya kai kilomita 6,650 a tsawo. Da ya wuce Alƙahira kaɗan sai ya rabu biyu, reshe ɗaya ya faɗa Bahar Rum a garin Rashid, ɗaya a garin Dumyat. Ƙasar da ke tsakanin rassan nan da kewayensu laka ce tsantsa da kogi ya kwaso daga duwatsun Habasha. A da, ko wace shekara ambaliya takan kawo laka fiye da tan miliyan 100. Wani kaso ya zauna a gonaki, wani ya isa bakin teku ya cike abin da igiyar ruwa ta zaftare, wani kuma ya shiga teku ya zama abincin ƙananan halittun da kifi ke ci.

A shekarar 1960 aka fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, aka gama a 1970. Madatsar ta ba Masar wutar lantarki da noman rani, ta kuma tsare ta daga fari da ambaliya. Amma laka ta daina saukowa, tana kwanciya a bayan madatsa. Masuntan bakin teku su suka fara ji a jikinsu: kifin sadin da aka kama a 1962 ya kai tan 18,000, a 1968 kuwa ko tan 500 bai cika ba. A bakin Rashid teku ya shiga cin ƙasa, a waɗansu shekaru fiye da mita 100 a shekara guda, har sai da aka yi masa katangar duwatsu. Su ma magina abin ya shafe su, domin jan bulon Masar da lakar kogi ake yinsa. Da laka ta yanke sai masu gasa bulo suka koma kankare fuskar gonaki, har gwamnati ta hana a shekarun 1980.

Bayan wannan kuma ga tekun kansa yana tasowa. Masana sun auna cewa daga 1901 zuwa 2018 ruwan tekunan duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20, saboda ɗumamar duniya na narkar da ƙanƙara, ruwa kuma in ya yi ɗumi yakan kumbura. Taƙi guda ke nan, mai sauraro zai ce ba wani abu ba ne. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda tudunta bai wuce mita ɗaya ko biyu ba, taƙi guda ya isa guguwar hunturu ta turo ruwan gishiri har cikin ɗaki.

Kogin da ya daina kawo laka kuwa, yanzu wani kaya yake kawowa, watau roba: gorunan ruwan sha, da leda, da tsofaffin takalma, da yagaggun taru. A 1950 robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba, a 2015 ta kai miliyan 380. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015 ya jera ƙasashen da sharar robarsu ta bakin teku ta fi yawa ba tare da kula ba, Masar ta zo ta bakwai, Nijeriya ta tara. A 2020 kuma masana suka fede kifi 43 na Kogin Nilu daga tsakiyar Alƙahira, karfasa da tarwaɗa, suka sami ɓarɓashin roba a cikin fiye da uku bisa huɗu nasu.

Gishiri da ƙarfe, damshi da laka

Mutane da yawa suna tsammani maganin duk wannan shi ne a yi wa masunci irin ginin Muhandisin, na siminti da rodi. A bakin teku wannan gini yana da babban abokin gaba, shi ne gishiri. Kankare yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Iskar teku takan ɗauko gishiri ta shafa wa bango, damshi ya shigar da shi ta kafofin nan sannu a hankali har ya tarar da rodi. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki da yawa, saboda haka sai ta tura kankaren daga ciki ya dare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar an sami tsaga, gishiri ya sami ƙofa, ɓarnar ta ninka. Gyaran irin wannan gini sai injiniya da kuɗi masu yawa, masunci kuwa ba shi da ko ɗaya. Har wa yau, gasa siminti shi ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, watau hayaƙin da ke sa teku tasowa.

Wani Bamisire masanin gini, Hassan Fathi, wanda aka haifa a Iskandariya a 1900 ya rasu a Alƙahira a 1989, ya ƙarar da rayuwarsa yana jan hankalin injiniyoyin ƙasarsa zuwa ga ginin ƙasa. A 1941 ya je Aswan ya ga yadda maginan Nuba ke rufa ɗaki da tubali kaɗai, suna jingina sahu bisa sahu a karkace har rufin ya haɗe kamar bakan gizo, ba katako, ba ƙarfe. Wanda ya san ɗaurin guga na maginan Hausa, ko ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, zai gane irin wannan gwaninta, ko da yake maginan Hausa da azara suke ƙarfafa nasu. Hikimar bangon ƙasa mai kauri ita ce zafin rana yakan yi sa'o'i kafin ya ratsa shi, ta yadda ɗaki ke da sanyi da rana, da ɗumi da dare.

A 1946 Fathi ya fara gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor, domin mutane kimanin 7,000 da hukuma ke so ta tayar daga kan kaburburan zamanin Fir'aunoni. Labarin aikin yana cikin littafinsa na 1973 mai suna Architecture for the Poor, watau gini domin talakawa. Ginin ya yi kyau, amma abu biyu suka same shi. Na fari, mutanen ba su so tashi ba, ba su ne suka nemi ƙauyen ba, aikin ya tsaya ba a gama ba. Na biyu, daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, harsashin gini ya riƙa tsotsarsa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir, gishirin da ke cikinsa ya ci gindin bango. A 2009 hukumar UNESCO ta fara shirin ceto abin da ya rage. Darasin a fili yake: ginin ƙasa na son busasshen gindi, kuma ba a yi wa mutum gida ba da shawararsa ba.

Shingen kara a bakin Bahar Rum

A lardin Kafrul Shaikh, arewa da Alƙahira, akwai tafkin Burullus, wanda siririn tudun yashi ne kaɗai ya raba shi da teku. A bakin tafkin wani irin dogon kara ke tsirowa, mai kama da kyauro, Misirawa na ce masa bus. Tun zamanin da, mutanen wannan yanki sukan yanke shi su ɗaure da igiya kamar asabari, su kafa shi shinge a fuskar da iska ke bugowa. Iska in ta taho da gudu ɗauke da yashi ta ci karo da shingen, sai gudunta ya ragu, yashi ya zube a gindinsa. Shinge mai 'yan kafofi ya fi bango toshe amfani a nan, domin bango kan sa iska ta yi juyi ta ƙwaƙule gindinsa, shinge kuwa tace ta yake yi. In yashi ya binne shinge na fari sai a kafa wani a kansa, a haka tudu ke girma da kansa.

A 2017 asusun duniya na taimakon ƙasashe kan sauyin yanayi ya amince da ba Masar dala miliyan 31 da 'yan kai, domin tsare wuraren da suka fi kwari a bakin teku. Ma'aikatar ruwa ta Masar da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki aikin, tsawon kilomita 69 a larduna biyar: Buhaira, Kafrul Shaikh, Dakahaliya, Dumyat da Bur Sa'id. Maimakon katangar kankare, sai injiniyoyi suka ɗauki dabarar mutanen wurin. Aka tara doguwar ganuwa ta laka da yashi, aka kafa shingayen kara sahu sahu a kanta, aka bar iska ta ƙarasa aikin. Masu saƙa shingayen kuwa mutanen ƙauyukan ne, mata da yawa a cikinsu, ana biyansu. In wani wuri ya lalace, ga kara a tafki, ga masu saƙa a gari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mutanen Nijar ba baƙi ba ne ga wannan dabara. A yankunan Gure da Maine-Sorowa, da shingen kirare da na kaba ake tsayar da tudun rairayi kada ya binne kwaruruka da gonaki. Iskar Sahara da ta Bahar Rum doka ɗaya suke bi.

Masu kamun roba

'Yan kilomitoci kudu da Muhandisin akwai wani ƙaramin tsibiri a tsakiyar kogi mai suna Ƙursaya. Babu gada zuwa gare shi, sai da jirgin fito, mazaunansa kuwa manoma ne da masunta. A 2018 waɗansu samarin Masar suka kafa wani shiri mai suna VeryNile domin share kogin, daga baya suka yi mazauni a wannan tsibiri. Da farko da 'yan sa kai suka yi aiki, sai suka lura cewa ba wanda ya fi masunci sanin inda shara ke taruwa, a bakin ciyayi da lungunan da ruwa ke juyawa. Saboda haka suka shiga sayen roba daga hannun masunta a kan kilo. Mutumin da kifi ya yi wa ƙaranci sai ya sami abin kamawa na biyu, da jirginsa da ya saba da shi.

A tsibirin ake rarraba abin da aka kwaso. Gorunan ruwa a matse su da inji a ɗaure dami dami, a aika masana'anta inda ake niƙa su a narkar, a mai da su zare. Leda kuwa matan tsibirin ke wankewa su sarrafa da saƙa da ɗinki, su yi jakunkuna da huluna da kayan ado na sayarwa. Abin da ba ya gyaruwa a kai shi masana'antar siminti a ƙona a matsayin makamashi. A 2022, shekarar da Masar ta karɓi taron duniya kan yanayi a Sharmul Shaikh, an jera damman roba da aka tsamo daga Nilu aka yi dala da su, domin jama'a su ga yawan abin da ke cikin ruwan da suke sha.

Me ya sa rarrabawa ta zama tilas? Domin roba iri iri ce, ko da yake suna ɗaya ake kiranta da shi. Jikin gorar ruwa ya fi ruwa nauyi, in ruwa ya cika ta sai ta nutse, kuma ba ta narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 250. Murfinta da leda sun fi ruwa sauƙi, suna yawo a sama, ita leda tana narkewa tun zafi bai kai rabin wancan ba sosai. In aka narkar da su tare ba sa haɗuwa, kamar ruwa da mai, abin da aka ƙera kuwa sai ya zama mai gautsi. Hannun mai tsinta da idonsa su ne matakin farko na wannan kimiyya. Alƙahira ta daɗe da sanin haka, domin masu kwasar shara na unguwar Manshiyat Nasir, da ake kira Zabbalin, sun yi suna a duniya wajen rarraba shara da hannu.

Jirgi, da gida, da makaranta

A tsibirin Lamu na ƙasar Kenya, inda aka gaji sassaƙa jiragen ruwa masu filafilai tun ƙarnoni, wani gwanin masassaƙi mai suna Ali Skanda da abokan aikinsa sun ƙera jirgi da robar da aka tsinta a gaɓar teku da garuruwa, kimanin tan 10. An narkar da ita aka zuba katakai da ginshiƙai, ya haɗa su yadda ake haɗa na itace, aka lulluɓe jikin jirgin da tsofaffin silifa 30,000. Sunan jirgin Flipflopi. A farkon 2019 ya yi tafiyar kilomita 500 daga Lamu zuwa Zanzibar, a 2021 kuma ya zaga tafkin Biktoriya, inda farin Nilu ke fitowa. Kayan aikin sabo ne, amma ilmin da ya hana jirgin kifewa na kakanni ne.

A ƙauyen Sabon Yelwa kusa da Kaduna, a 2011, wata ƙungiya mai suna DARE ta gina gida da gorunan roba kimanin 14,000. Akan ɗura wa gora yashi a daddanna, a rufe, a jera su a kwance kamar tubali, a ɗaure wuyansu da igiya, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ko siminti. A gaskiya yashin ne ke ɗaukar nauyin gini, gora riƙe shi kawai take yi kada ya zube. Amfaninta a wuri mai damshi shi ne ba ta tsotsar ruwa, gishiri kuma ba ya cinta.

Misali na uku daga Makoko yake, unguwar masunta da ke kan ruwa a Ikko, watau Legas, inda gidajen katako ke tsaye bisa dirkoki. A 2013 masanin gini Kunle Adeyemi ya gina makaranta mai hawa uku, mai siffar dala, da katako da gora, ya ɗora ta a kan gangunan roba fiye da 250. Dokar da ta riƙe ta a sama ita ce wadda Arkimidis ya gano fiye da shekara 2,200 da suka wuce: abu a cikin ruwa yana samun turi zuwa sama daidai nauyin ruwan da ya ture. Gangar lita 200 in an toshe ta za ta ɗauki kusan kilo 200 kafin ta nutse. Masuncin Argungu da ke kwanciya bisa gorarsa da homa a hannu da wannan doka yake aiki. Makarantar ta yi suna a duniya, amma ranar 7 ga Yuni 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, domin an riga an kwashe yara watanni kafin nan, ganin ginin ya fara lalacewa. Gangunan ba su nutse ba. Katakon da ke sama ne ya gaza, bayan shekara uku na iska da damshi ba tare da isasshen gyara ba.

Inda ya kamata a yi hattara

Kada mai sauraro ya ɗauka roba ta zama maganin kome. Hasken rana yana karya ta a hankali, ta yi gautsi, ta koma gari, garin nan kuwa shi ne ake samu a cikin kifi. Saboda haka duk bangon da aka yi da roba sai a yaɓe shi, kada rana ta gan ta. Wuta ma abokiyar gabarta ce, hayaƙinta guba ne, unguwar masunta kuwa ba ta rabuwa da wutar banda. Bai kamata a sa roba kusa da murhu ko wurin ƙyafe kifi ba, kuma narkar da ita a tukunya a tsakar gida cuta ce ga mai yi da maƙwabtansa. Sa'an nan wani bincike na 2017 ya nuna cewa cikin dukan sharar robar da duniya ta tara, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa. Gini ba zai shanye sauran ba, sai an rage zubarwa tun daga tushe.

Taru na nailan, wanda ya maye gurbin na zaren gargajiya tun daga shekarun 1950, shi ma abin lura ne. Na da in ya ɓace a ruwa ruɓewa yake yi. Na nailan kuwa yakan yi shekaru yana kama kifi ba mai ɗauka. A 2012 aka fara wani shiri a ƙasar Filifin na sayen tsofaffin taru daga masunta, a mai da su zaren darduma, daga baya aka kai shirin tafkin Osa na ƙasar Kamaru. Da tsohon taru ya zama abin kuɗi, sai aka daina jefar da shi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kimiyya, shi ne izinin zama. A Yuli 2012 hukumar jihar Legas ta ba mutanen wani sashe na Makoko wa'adin sa'a 72, sa'an nan aka sare gidajensu. Abin da ya sami gidajen ruwa na Imbaba a 2022 an riga an faɗa. Mutumin da bai tabbata zai kwana a wurinsa baɗi ba, ba zai kashe kuɗinsa a kan harsashi mai kyau ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da masunta. Sarkawan Kabi sun bazu a Kogin Kwara daga Yawuri har ƙasa, waɗansu sun kai Tafkin Chadi, waɗansu tafkin Bolta na Gana. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tayar da mutane fiye da 40,000, har da garin Busa, aka gina musu sababbin matsugunai. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna cewa gidan bakin kogi ma yana fuskantar irin abin da na bakin teku ke fuskanta. Ledar ruwan sha kuwa ta toshe magudanai daga Sakkwato har Maraɗi. A fadamar Haɗejiya da Nguru ciyawar kacalla ta cike hanyoyin ruwa ta hana su da noma, alhali a ƙasar Senegal irin wannan ciyawa ake yanka a yi jinka da ita, a kuma cuɗa ta da ƙasa a yi tubali mara nauyi mai tare zafi.

In aka tattara abin da aka gani a Masar da sauran wurare, ga yadda gidan masunci zai kasance. A sa shi a tudu, ko a ɗaga shi sama da inda dattawan gari suka ce ruwa ya taɓa kaiwa. Gindinsa a yi shi da abin da ba ya shan ruwa, ko dutse, ko gorunan yashi da aka yaɓe. Samansa a yi da abin da wurin ke bayarwa, ƙasa ko kara ko kaba, da rufi mai faɗin baki da zai kare bango daga ruwan sama. A fuskar iska a kafa shinge da itatuwa. Injiniya ya auna nauyi da zurfin harsashi, ya faɗi abin da zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba. Magini da masaƙi da masassaƙi na garin su yi aikin, domin su ne za su gyara shi bayan injiniya ya koma birni. Tun ranar da aka aza harsashi kuma a san wanda zai duba ginin ko wace shekara kafin damina, a san kuma inda kuɗin gyaran zai fito.

Masu sauraron da ke zaune a bakin ruwa za su iya fara abu guda tun bana, ba sai an jira kowa ba: a sa alama a jikin itace ko bango inda ruwa ya tsaya a ko wace damina, a rubuta shekarar. Ran da aka zo zancen gini, wannan alama ita ce awo na farko da injiniya zai nema.

Nan jawabin wannan mako ya tsaya.